Tafintar Shagon Kujeru

Tana cikin shanya a tsakar gida labarin ya same ta. Hantsi ne, ruwan wanki bai ma tsane daga hannunta ba, ta ɗago kai ta ga ƙaninta Auta tsaye a bakin ƙofa, garin katako har kan girarsa. Auta kurma ne tun haihuwa, ba ya sallama, sai dai ka ɗago ka gan shi. Amma ba ya barin shago da hantsi, kuma in zai zo gidan nan da yamma yake zuwa, hannun mijinta a kafaɗarsa.

Ta leƙa bayansa. Babu kowa.

Wayar nan da ba ta rabuwa da hannunsa tana cikin aljihu, bai ko taɓa ta ba. Ya ɗaga hannu ya yi alamar da yake kiran mijinta Malam da ita, yatsu biyu suna shiga suna fita kamar mai saƙa. Ya tsaya. Ya sake yi. Sannan ya kwantar da tafinsa a hankali, kamar mai kwantar da jariri.

Zanen da take matsewa ya faɗi a ƙasa. Ta yi salati da baki, ta manta wanda ke gabanta ba ya ji. Ta zauna a kan bokitin da ta kife. Kuka bai zo ba tukuna. Abin da ya fara zuwa mata a rai shi ne: shekara ashirin da wani abu ina zaune tsakanin mutanen nan biyu, sai yau da ba na nan.

Zaman tsakanin nan kuwa shi ne sana'arta. Mijinta Malam makaho ne, ciwo ya tafi da idonsa tun kafin su haɗu, kuma saƙar kujera yake yi da igiyar roba, irin kujerun da ake ajiyewa a baranda. Auta kafinta ne, shi ke haɗa katakon. Shagonsu ɗaya, ɗaki ne mai tsawo a layin masu walda da masu gyaran babur. Bencin Auta yana can ciki kusa da taga, mazaunin Malam yana bakin ƙofa inda iska ke shigowa. Ɗaya ba ya ganin hannu, ɗaya ba ya jin baki. Sai suka ɗaura zare daga wurin Malam zuwa saman bencin Auta, da jan tsumma a ƙarshensa. In Malam yana neman Auta ya ja zare, tsumma ya yi rawa. In Auta yana neman Malam ya buga guduma a benci. To iyakar hirarsu ke nan. Duk abin da ya wuce "zo" da "ga ni", sai an bi ta kanta.

Don haka aka yi mata 'yar kujera a tsakiyar shago. Tana yanka igiya, tana rataya wa Malam kowane launi a ƙusarsa, tana fassara. Mutanen layi suka sa mata Tafinta, har sunanta na gaskiya ya ɓata.

Sai dai fassarar tata ba ta kai saƙo yadda aka ba ta. Malam zai shafa katako ya ce, "Gaya wa ƙanin nan naki, ƙafar kujerar nan ta fi ta gurgun jaki karkata. Wai ni ne makahon ko shi?"

Sai ta juya ta ce wa Auta da hannu, "Yayanka ya ce aiki ya yi kyau, a ɗan duba ƙafar baya."

Auta ya dubi ƙafar, ya dubi Malam, ya haɗe rai, hannuwansa suna tashi kamar mai korar ƙudan zuma. Wai tsohon nan kunkuru ya fi shi sauri, kujera ɗaya tun shekaranjiya, baki kawai ke aiki.

Ta ce, "Malam, ya ce zai gyara. Ya ce kuma sannu da ƙoƙari."

"Duk wannan iskar da na ji tana kaɗawa, sannu ce kawai?"

"Sannun kurame doguwa ce."

Ita ba ta ɗauki wannan ƙarya ba. Kamar tsince tsakuwa ne a shinkafa kafin a dafa. Miji ne da ƙani, in suka ɓata ina za ta sa kanta? Kuma shagon nan shi ne cin gida biyu da shansu. Ta yi imani ranar da maganar ɗaya ta isa wa ɗaya ɗanya, ranar za a raba guduma da igiya kowa ya kama gabansa.

Ana nan sai 'yarsu, wadda Malam ke kira Mamana, ta zo daga gidan mijinta da wayoyi biyu a jaka. A kantin magani take aiki, a can ta ga wani makaho yana nuna wa wayarsa kwalin magani, wayar tana karanta masa. Ta bi ta tambaya, aka sa mata manhajar, ta taho da zumuɗinta.

Ta ce, "Baba, kai ka yi magana, ta rubuta wa Kawu ya karanta. Kawu ya rubuta, ta faɗa maka da baki. Har launin igiya tana faɗa in ka nuna mata."

Malam ya karɓa ya shafa gaba, ya shafa baya. "Mamana, wannan shafal take kamar faranti, ina zan kama? Ni da tsohuwar wayata mai maɓalli muna zaman lafiya."

"Za ka koya mana."

"An ce da makaho ya rasa ido, cewa ya yi ido wari gare shi. To ni ma wayar nan wari gare ta."

Auta kuma ya juya tasa ya ajiye a benci. Ya yi makarantar kurame 'yan shekaru, ya iya rubutu daidai gwargwado, amma kunyarsa yake ji. Ya nuna wa Mamana da hannu cewa rubutunsa gajere ne, dariya za a yi masa. Mamana ta ce masa ai waya ba ta dariya.

Amma duk cikinsu ba wanda ya kai Tafinta ƙin abin.

"Asarar kuɗi kawai. Ni me ya same ni? Mutuwa na yi?"

"Umma, ki huta mana. Ko biki kika je sai ki baro shi ana tsaka da shi, wai kin bar su ba baki."

"Na ce miki na gaji?"

Mamana ta yi kuskure ɗaya, ta bar wa uwarta aikin caji. Yau a ce ba wuta, gobe a ce an manta. Daga baya igiyar cajin ma ta ɓata, aka neme ta sama da ƙasa, sai Mamana ta tsince ta a cikin babbar tukunyar da ba a girki da ita sai an yi baƙi. Ta dubi uwarta. Uwar ta dubi rufin ɗaki. Mamana ta kai wayoyin shagon mai walda na kusa, ta roƙe shi ya riƙa sa musu caji.

Da wayoyin sun ci gaba da zama kamar baƙin da ba a gayyata ba, ba don haƙori ba. Wani haƙorin Tafinta na ciki ya tasa ta gaba har ta kasa cin abinci, dole ta tafi a cire. Ta ja wa Malam kunne kafin ta fita cewa zare da guduma sun ishe su na yini ɗaya. Ba ta san Mamana ta ɗauki hutun safiyar nan musamman don ta koya musu wayar ba.

Ta dawo kunci a kumbure, baki cike da auduga, likita ya ce kada ta yi magana sai gobe. Tun daga nesa ta hango mutane sun yi cincirindo a ƙofar shago, har mai walda ya kashe injinsa. Ta ƙara sauri. Da ta matso sai ta ji muryar wata mace a ciki, a natse, ba fushi ba dariya, kamar mai karanta labarai.

"Tsoho. Kunkuru ya fi ka sauri. Bakinka kawai ke aiki."

Malam ya kai wayarsa dab da gemu, jijiyar wuya a tashe. "Rubuta masa! Ce masa tun da nake ban taɓa shafa kujerarsa na ji ƙafa huɗu sun daidaita ba. Rubuta duka, kada ki rage ko ɗaya!"

Auta ya karanta. Idonsa ya yi waje. Ya sunkuya yana dannawa da babban yatsa, harshe a waje don ƙoƙari. Muryar matar nan ta sake fitowa.

"Ƙarya ne. Yaya ta ce kullum kana yabon aikina."



Malam ya ce, "Ni? Yaushe?" Ya karkata kai. "To ni ma ai ce mini ake kullum kana yi mini sannu da ƙoƙari."

Auta ya karanta, ya ɗago kai, idonsa ya sauka a kanta tana tsaye cikin mutane. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Ta so ta juya, Malam ya ce, "Na ji takunki, Tafinta. Shigo ki yi mana bayani."

Ta shigo. Ta nuna kuncinta. Ta ce, "Mmm."

Mai gyaran babur ya ce, "Yau dai an kama tafinta ba baki!" Aka bushe da dariya a waje. Amma mutanen nan biyu ba su yi dariya ba. Auta ya ajiye guduma, ya ɗauki hularsa ya fita tun lokacin tashi bai yi ba. Malam ya dafa kafaɗarta suka tafi gida. Ta kawo abinci, ya ci kaɗan, yana ta motsa baki shi kaɗai. Ita kuwa haƙorin da aka cire ma ta manta da shi. Ta ce a ranta shi ke nan, abin da take gudu ya faru, waya ta rusa a yini ɗaya abin da ta yi rabin rayuwarta tana ginawa.

Washegari ta riƙo Malam suka nufi shago. Suka tarar da Auta ya riga su, ya share ko'ina, yana zaune a kan benci da waya a cinya. Ya bari sai da Malam ya zauna ya gyara riga. Sannan ya danna.

"Ina kwana, Tsoho. Jiya hannuna bai yi sauri ba. Yau na zo da amsoshi."

Ta runtse ido. Sai ta ji wani sauti daga wajen Malam, ta buɗe, ta ga gemunsa yana rawa.

Ya ce, "Madalla. Ni ma na tanadi nawa. Fara, kai ne yaro."

Haka suka yi ta yi har rana ta take. Auta ya ce saƙar Malam ta bara kamar ragar kamun kifi. Malam ya ce fentin Auta ko makaho ya san bai yi ba, don wari ya tona masa asiri. Auta ya ce Tsoho yana waƙa in yana aiki, ya gani a fuskar masu wucewa, kuma ya gode wa Allah da ya yi shi kurma. Nan Malam ya kwanta a jikin bango yana dariya har da hawaye.

Ya ce, "Ashe yaron nan yana da baki haka! Ke kuwa Allah ya yafe miki. Shekara da shekaru kina ba ni suruki mai sanyi kamar shayin jiya."

Ta dafe kuncinta ta ce, "Don zaman lafiyarku na yi."

"Mun sani. Sai dai lafiyar ta yi yawa."

Abin da ya fi ci mata rai shi ne aiki ma ya gyaru. Auta ya sayo sabon ma'auni, ƙafafun kujera suka daidaita, don sai yanzu ya san da gaske ake. Malam kuma hannunsa ya ƙara sauri, wai ba zai bari kurma ya kira shi kunkuru a gaban jama'a ba. Ya koyi shafa farantin nan da yake raina wa, yana zagin matar cikinta in ta yi masa sauri, yana ba ta haƙuri in ta yi daidai. Ya ɗauko igiya ya nuna mata, ta ce ja, ya nuna wata, ta ce kore. Tafinta tana zaune a 'yar kujerarta, magana tana wucewa ta saman kanta kamar tsuntsu, ba mai ce mata fassara. Ta sa wa wayar suna Mara-kunya, ta rantse ba za ta taɓa yi mata magana ba.

Rana ɗaya ce ta rama. Wata mata mai gidan abinci, Allah ya yi mata jiki, ta dawo da kujera a karye tana faɗa, wai an yi mata da ruɓaɓɓen katako. Auta ya saba faɗin abin da ya ga dama da hannu a gaban masu saye, ba mai ganewa. Kuma shi a tunaninsa murya kamar hasken tocila take, inda ka haska nan kawai take zuwa. Sai ya zagaya bayan matar, ya saita wayar daidai kunnen Malam, ya danna. Ga sauti a ƙure, shi bai sani ba.

"Ba laifin katako ba ne. Wannan ko gada aka yi mata sai ta karye."

Har mai gyaran babur ya ji. Matar ta juyo a hankali. Malam ya kama tari. Tafinta ta miƙe kamar an tsikare ta.

"Baiwar Allah, ki yi haƙuri, wayar ce, sabuwa ce ba ta san mutane ba. Cewa ya yi katakon da ake gada da shi za a sa miki, mai ƙwari, kuma ba za ki ƙara ko kwabo ba. Zauna nan, a'a, nan, wannan ta fi faɗi. Yaya yara?"

Kafin matar ta tafi har ta ba da aikin wasu kujerun. Auta da aka yi masa bayanin yadda murya ke yawo, ya rufe fuska da hula, bai fito daga bayan benci ba sai yamma.

Malam ya ce, "Kin gani ko? Ita ba ta da kunya. Ke ce kunyar shagon nan."

Ta yi kwanaki tana jin daɗin maganar. Amma ba kullum ake zagin mai saye ba. A hankali ta fara makara. Yau ta ce wanki, gobe ta ce za ta leƙa Mamana. Ba wanda ya hana ta, kuma wannan ma ya yi mata ciwo. Ta shuka barkono a tsofaffin gwangwanaye, ta sayi 'yan tsaki, ta fara sanin maƙwabtanta da rana. Auta ya ɗauki aikin rako Malam gida.

Sai ga wani abu da ba ta zata ba. Malam ya fara kawo mata labarin ƙaninta, ita da ta goya shi.

"Kin san Auta tsoron kare yake ji? Wai ba ya jin haushi, sai dai ya ga haƙora."

"Tun yana yaro na sani."

"To kin san ya tambaye ni yadda muryarki take?"

Ta dakata da zuba shayi. "Me ka ce masa?"

"Na ce kamar ƙofar da aka daɗe ba a sa wa mai ba."

Ta jefe shi da tsumman hannu, ya cafe a cinya yana dariya.

"Ni ma na tambaye shi kamanninki. Na daɗe ina son in tambayi wanda ba zai yi mini kara ba. To da ta bakinki zan bi, na san abin da za a kawo mini."

"Me ya ce?"

"Ya ce kina da wushirya. Ya ce in za ki yi ƙarya sama kike kallo. Ya ce furfura ta fara, amma kina tura ta cikin ɗankwali."

"Munafuki. Sai me?"

"Sauran ya ce kada in faɗa miki, kanki zai yi girma."

Ta yi tsaki ta tashi, amma a madafa ta tsaya tana murmushi ita kaɗai. Duk da haka ba ta yafe wa Mara-kunya ba.

Haka aka yi wajen shekara biyu, har safiyar da Auta ya tsaya mata a bakin ƙofa. Sai bayan masu ta'aziyya sun ragu a gidan ya zauna ya ba ta labari da hannu. Gardama suke yi a kan kujerar wani mai aski. Auta ya aika wa Malam wata magana mai zafi, ya jingine wayar a benci, ya ci gaba da goge katako yana satar kallonta. Amsa ba ta fito ba. Malam kuwa ba ya barin magana ta huce. Ya ɗauka wayar ce ta sami matsala, ya girgiza ta, ya sake aikawa. Shiru. Sai ya juya. Ya ga Malam ya jingina da kujerar da bai gama ba, igiya a yatsunsa, bakinsa a ɗan buɗe da murmushi, kamar wanda ya samo amsa yana shirin faɗa.

Auta ya ce mata, shi abin da ke damunsa, bai san me Tsoho zai ce ba.

Nan kukan ya zo mata, da dariya a cikinsa, suka zauna su biyu suna yi.

Watanni suka wuce tana gida. Shago a rufe. Rannan matar Auta ta zo ta ce, "Yaya, ki zo ki ga ƙaninki. Ba ya fita, ba ya cin kirki. Wayar ma ya jefa a akwati. Na yi masa magana ya juya mini baya, kin san in ya juya baya shi ke nan, ya rufe ƙofa."

Ta yafa mayafi ta je ta tsaya a gabansa, ta ce masa da hannu ya tashi. Ya ce ya je ya yi wa wa katako? Ta ce ya tashi dai. Yayarsa ce, ya tashi.

Suka buɗe shago, ƙura ta yi musu maraba. Ta share, ta karkaɗe igiyoyi, ta jawo 'yar kujerarta ta zauna a tsakiya kamar da. Ta dubi dama, Auta yana tsaye a bencinsa. Ta dubi hagu, bakin ƙofa ne da hasken titi. Tsakiyar me? Ta daɗe a haka. Daga nan ta tashi ta koma mazaunin Malam, ta jawo kujerar mai askin da ya bari rabi. Idonta ya ga saƙar nan shekara da shekaru, hannunta ne bai taɓa yi ba. Ta sa igiya, ta zare, ta sake sawa. Yatsunta suka yi ja. Ta ci gaba.

Kwanaki kaɗan Auta ya haɗa sabon katako ya kawo ya ajiye a gabanta. Aikin wanda zuciyarsa ba ta wurin ne. Bayan kujerar ya yi kaushi, ga kan ƙusa ya leƙo a hannun dama. Ta gani sarai. Ta ɗaga hannu ta ce masa ya yi, Allah ya yi albarka.

Ya tsaya yana kallonta. Ya girgiza kai. Ya sa hannu a aljihu ya fito da wayar Malam, ya ɗora mata a cinya, da cajinta da komai. Ya fito da tasa ya danna.

"Yaya, kin kalli sama. Faɗi gaskiya. Idona ya yi kewar zagi."

Ta dubi wayar. Gefenta ya goge inda babban yatsan Malam ke zama. Ta ɗauka kamar mai ɗaukar garwashi. Ta yi gyaran murya, ta kai ta kusa da baki yadda ta ga yana yi.

Ta ce, "Ke Mara-kunya, gaya masa." Ta dubi kujerar. "Gaya masa wannan kujerar sai dai a kai wa maƙiyi. Wanda ya zauna da wando zai tashi da tsumma."

Auta ya karanta. Kafaɗunsa suka fara rawa, sai ga sautin nan nasa ya fito, dariyar da shi bai taɓa jin ta ba, mai kama da kukan agwagwa. Mai walda ya leƙo ya ga ko lafiya. Auta ya share ido da bayan hannu, ya sunkuya ya yi rubutu.

"Da sauranki. Tsoho ya fi ki iyawa. Ki dage."

Ya ɗauki kujerar ya koma benci, ya zare ƙusar, ya kama gugar katako da ƙarfinsa.

To ta dage ɗin. Saƙarta har yanzu ba ta kai ta Malam ba, kuma Auta ba ya ɓoye mata. Sauran maganarsu duk da hannu suke yi, yadda suka saba tun suna yara. Amma kullum da safe, tun daga gida take tafe tana neman abin da za ta ce masa, wani lokaci har ta wuce mai shayi ba ta gaishe shi ba. In ta iso ta rataye mayafi, ta zauna a bakin ƙofa, kafin ta taɓa igiya sai ta zagaya da ido a kan aikinsa na jiya ta samo aibi ko da babu. Sannan ta ɗauki wayar ta kai bakinta.